Layin KEDCO, tashar sola ta gari, ko kowane gida da solarsa: wanne ya dace da ƙauyenku?

Garin da ba shi da wuta a karkarar Kano ko Jigawa hanya uku ce a gabansa. Ko a jawo masa layin babbar wuta daga inda ya tsaya, ko a kafa masa ƙaramar tashar sola tasa shi kaɗai a raba wa gidaje ta waya, ko kuma kowane magidanci ya ɗora farantinsa a kan rufi. Muhawarar da ake yi a ƙofar gidan dagaci takan tsaya a kan wanne ya fi araha ranar saye. Amma abin da ke yanke hukunci shi ne tazarar garin da layin da yake da wuta a zahiri, da yadda gidaje suke, a cure ko a warwatse, sai kuma yawan aikin da ake yi da wuta daga hantsi zuwa la'asar. Na ƙarshen nan ya fi nauyi, kuma shi aka fi mantawa.

Da farko a cire rai daga jiran katafariyar tashar sola. Akwai irinta a Kano: mai megawat 10 da ke Challawa a ƙaramar hukumar Kumbotso, wadda aka ƙaddamar a Janairun 2023, da mai megawat 7.1 da aka buɗe a Jami'ar Bayero a 2019. Ta jami'a harabar jami'a aka gina wa. Irin ta Challawa kuwa cikin layi take zuba wutarta, don haka ba ta isa garin da waya ba ta je ba. Ko a garin da waya ta je, inbatar irin wannan tasha, wato na'urar da ke mayar da wutar faranti irin ta layi, bugun layi take bi. Da layi ya ɗauke sai ta kashe kanta nan take, don kada ta halaka ma'aikacin da ke kan falwaya. Wanda ya tuna Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, aka kuma sami matsala a layin Ugwuaji zuwa Apir, Arewa ta yi sama da mako guda a duhu, ya san rana ba ta daina fitowa ba a kwanakin. A 2016 ma kamfanoni 14 sun sa hannu a yarjejeniyar gina manyan tashoshin sola da jimillarsu ta haura megawat 1,000, shekaru suka wuce babu wadda ta tashi.

Jawo layi

Wutar layi ita ce mafi arahar yunit, kuma ita ce ba ruwanta da nauyin inji. Taransifoma mai kVA 300 za ta ɗauki injin casar shinkafa da walda da firiza a lokaci guda ba tare da an yi wani lissafi mai tsawo ba. Yunit, ga wanda bai saba ba, shi ne kilowat ɗaya da aka ci na tsawon awa ɗaya.

Matsalar ita ce awa nawa za ta zo. Hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta kasa layuka rukuni biyar: Band A aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin Band A zuwa naira 225 a yunit, sauran rukunan suka ci gaba da biyan ƙasa da rabin haka. Ma'anar wannan a fili take: idan wutar da ake turowa daga babbar tashar rarraba wuta ta Kumbotso ta yi ƙaranci, layin da ya fi kawo kuɗi ake fara ba wa, dogon layin 33kV mai ratsa ƙauyuka kuwa yana can baya. Ga kuma tsadar aikin kansa. Idan tazarar falwaya mita 50 zuwa 70 ce, kilomita 10 na cin falwaya 140 zuwa 200, ban da waya da kwalaben rataye ta da taransifoma. Guguwar farkon damina ta kayar da biyar daga ciki, gari ya koma inda yake, wani lokaci har kaka. Ɓarayin waya da na man taransifoma kuma layin da ba shi da wuta suke nema.

Gwajin mai sauƙi ne kuma ba ya cin kuɗi. A je garin da za a jawo layin daga gare shi, a sa wani amintacce ya riƙa rubuta lokacin zuwan wuta da ɗaukewarta na wata guda, ya kuma auna ƙarfinta da ƙarfe takwas na dare. In tana kai awa 12, ƙarfinta bai faɗuwa ƙasa da bolt 200, tazarar kuma ba ta wuce kilomita biyu zuwa uku ba, a nemi layi. In awa huɗu ce, mafi yawanta tsakar dare, kuɗin falwaya asara ne.

Kowane gida da nasa

Wannan ce hanya mafi sauri, kuma ga wasu wurare ita kaɗai ce mai ma'ana. Faranti mai wat 300 yana ba da kimanin yunit 1.2 a rana a nan yankin. A haɗa shi da batir litiyom mai bolt 12.8 da amfiya 100, wanda ke riƙe yunit 1.28, da ƙaramar na'urar daidaita caji, ya isa ƙwai biyar masu wat 5, fanka mai wat 20, talabijin ƙarama da cajin wayoyin gida. Ba a buƙatar kwamiti, ba a buƙatar fili, ba wanda zai yanke wa wani wuta. Ga rugage da ƙauyukan da gida yake nan wani yana can bayan gona, jan waya daga gida zuwa gida ya fi farantan da kansu tsada, don haka kada a ɓata lokaci a kan wani zaɓi.

Iyakarsa kuma a bayyane take. Ba zai tayar da injin niƙa ba, ba zai yi walda ba, firizar ƙanƙara ma sai an ninka shi sau uku. Da rana kuma, bayan batir ya cika wajen azahar, sauran hasken a banza yake tafiya, domin ba hanyar miƙa wa maƙwabci. Lalacewarsa kusan kullum daga wuri uku take zuwa: an sayi batirin mota maimakon na sola, an yi amfani da siririyar waya daga faranti zuwa batir, ko an ƙara kaya a kai a kai har batir ya daina cika.

Tashar gari

A nan lissafi yake, kuma a nan ake yawan cutar jama'a. Ba daga yawan farantai ake farawa ba, daga ƙidayar kaya ake farawa, gida gida, shago shago. A ɗauki misalin gari mai gida 300 a cure. A ce kowane gida yunit 0.6 a rana, ya zama 180. Shaguna 20, rabinsu da firiza, 40. Injin niƙa uku masu kilowat 7.5, kowanne awa uku, kusan 70. Mai walda ɗaya 15, famfon rijiyar burtsatse 13, asibitin sha-ka-tafi da makaranta da masallacin Juma'a da fitilun hanya 20. Jimilla kusan yunit 340. A ƙara kashi 15 cikin 100 na abin da ke zurarewa a waya da inbata da batir, an doshi 400.

Kilowat ɗaya na faranti a Kano da Jigawa yana ba da yunit huɗu da rabi ko sama da haka a rana mai kyau, amma ba da rana mai kyau ake tsara tasha ba. Da Agusta ake tsara ta, lokacin hadari, da kuma tsakiyar hunturu lokacin da hazo ya rufe sama. A ɗauki huɗu. Ke nan kilowat 100, wato faranti 182 masu wat 550, a fili mai murabba'in mita 1,000 zuwa 1,500 idan an bar tazara don inuwa da hanyar wanki.

Mutane kan ɗauka zafin Afrilu alheri ne ga sola. Haske faranti yake so, zafi rage masa ƙarfi yake yi. Wat 550 da aka rubuta a bayansa a digiri 25 aka auna; duk digiri ɗaya da ya ƙaru yana rasa kusan kashi 0.35 cikin 100, kuma a tsakar ranar bazara jikinsa na kai digiri 65. An rasa kusan kashi 14 ke nan. Saboda haka a ɗaga shi daga ƙasa iska ta ratsa ta ƙarƙashi. Sanyin asubar Janairu kuma nasa haɗarin daban: ƙarfin bolt yana hawa. Faranti goma masu bolt 49.5 a jere ɗaya sun ba da 495, a ce inbata iyakarta 500, an ga kamar an tsira. Da sanyin safiya sai su haura 510, ƙofar inbata ta ƙone. Tara ake jerawa a irin wannan.

A fuskantar da farantai kudu, a karkata su digiri 10 zuwa 15. Ƙasa da 10 ƙura da ruwa suna kwanciya a bakin ƙasa, su bar tabon da ke rufe layin ƙarshe. Daga Nuwamba zuwa Maris a wanke su kowane mako, da asuba ko bayan la'asar sakaliya, da ruwa da tsumma mai laushi. Ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi yana iya tsaga shi, ruwan burtsatse mai kanwa kuma yana barin farin shafi. A garuruwan bakin kogin Haɗeja, irin su Auyo da Kafin Hausa da Ringim, inda ambaliyar 2022 ta yi ɓarna, a tambayi dattawa inda ruwa ya taɓa kaiwa, a gina ɗakin batir sama da nan. Shinge kuma dole ne, ko don awaki.

Batir shi ne rumbun tashar, kuma shi ne kayan da ya fi tsada a tsawon rayuwarta. A misalinmu abin da ake ci daga magariba zuwa fitowar rana zai kai yunit 170. Zaɓi biyu ne a kasuwa. Batir mai ruwa, wanda ake kira tubula, ba a zuƙe fiye da rabinsa in ana so ya daɗe, don haka ana buƙatar yunit 340: guda 142 masu bolt 12 da amfiya 200, nauyin da ya haura tan 8. Litiyom nau'in LFP ana iya cin kashi 85 cikin 100 nasa, don haka yunit 200 ya wadatar: akwati 20 masu yunit 10, kusan tan 2. Tubula yana jure caji da saukewa sau 1,200 zuwa 1,500 a yanayi mai kyau, litiyom sau 3,000 zuwa 6,000. Yanayi mai kyau kuwa digiri 25 ake nufi. Duk ƙarin digiri 10 yana raba rayuwar batir mai ruwa biyu, ɗakin kwano a Gumel ko Maigatari kuma kowa ya san yadda yake a watan Afrilu. Ga zuba ruwan batir duk wata, ga ɗaya in ya mutu a jere yana jan sauran. A cikin yunit 100 da aka zuba, tubula kan mayar da kusan 80, litiyom kusan 95. Ga tashar gari litiyom ne zaɓi, ko da kuɗin farko ya fi yawa. Shi ma yana son inuwa: ɗaki mai silin, tagogin iska sama da ƙasa, in da hali ƙaramar na'urar sanyaya ɗaki da ke aiki da rana. A kuma tabbatar na'urar da ke kula da batirin tana magana da inbatar da aka saya, domin ba kowace ke jituwa da kowace ba.

Sai janareta. Wasu na ganin sa shi a tashar sola gazawa ce. Akasin haka ne. Sayen batirin da zai riƙe gari kwana uku na hadari ya fi tsada nesa ba kusa ba a kan janareta mai kVA 60 da zai yi aiki 'yan awoyi a irin waɗannan ranaku. Abin gudu shi ne ya zama shi ne tashar. Lita ɗaya ta man dizal tana ba da kusan yunit uku. Yunit 340 a rana lita 113 ke nan, ganga guda duk kwana biyu. Kowa ya ninka da farashin gidan man garinsu. Kuma kada a bar shi yana aiki ƙasa da kashi 30 cikin 100 na ƙarfinsa, domin man da bai ƙone ba yana taruwa a salansa, injin ya lalace da wuri.

Injin niƙa, inda gizo ke saƙar

Tashar da gidaje kaɗai take yi wa aiki tana sayar da wuta mafi tsada, domin kusan duk yunit sai ya kwana a batir kafin a ci shi. Wadda take da masu niƙa, masu casar shinkafa, mai walda, mai ƙanƙara da famfon ruwa tana sayar da wuta kai tsaye daga faranti, ba tare da ta taɓa batir ba. Wannan cinikin na rana shi ke sauko da farashi ga kowa. Don haka kafin a kafa tasha a zauna da masu injin Lista, a ji ko za su sauya zuwa mota mai lantarki, da wanda zai ba su bashin sayenta. A sa farashin rana ya yi ƙasa da na dare, su da kansu za su mayar da niƙa tsakanin ƙarfe goma da uku.

Sai dai motar niƙa tana da halinta. Mai kilowat 7.5 a fes uku tana cin kusan amfiya 15 idan tana gudu, amma a daƙiƙar tayarwa tana fizgar ninki shida, kusan 90. Layin gwamnati zai shanye wannan, inbata kuwa sai ta kashe gari duka. Maganin shi ne kowace mota a sa mata na'urar tayarwa a hankali. Haɗin da masu gyara ke kira sita-delta yana rage fizgar zuwa kashi ɗaya bisa uku. Na'urar VFD ta fi shi, tana riƙe ta kusa da amfiyar gudu. A rubuta wannan a sharaɗin ba mai niƙa wuta. Tsohon injin walda mai nannaɗen waya shi ma a maye shi da na zamani mai inbata.

Waya ita ce wurin da ɗan kwangila ya fi matse kuɗi, domin ba mai hawa ya duba. Wayar alminiyam mai kaurin murabba'in milimita 16 tana da turjiyar om 1.91 a kilomita, mai kauri 50 kuma 0.64. A ja kilowat 5 a fes ɗaya zuwa unguwar da ke mita 600: a kan mai 16 za a rasa kusan bolt 50, wuta ta isa da 180, firiza ta yi ta gurnani har kwamfaresa ta ƙone, a kan mai 50 bolt 17 kawai za a rasa. Babban layi ya zama mai 50 ko 70, mai rufi da aka murɗe wuri guda, wanda ke hana saƙala ƙugiya da gogar reshe. A kafa tashar kusa da kasuwa da injina, kada wani reshe ya zarce mita 600 zuwa 800, a kuma raba gidaje daidai a kan fes ukun.

Ƙasar rairayi ta arewacin Jigawa ba ta karɓar wutar tsawa da sauƙi. Sandar jan ƙarfe ɗaya ba ta isa ba. A kafa da yawa a haɗe su, a auna a Maris ko Afrilu lokacin da ƙasa ta bushe, a nemi ƙasa da om 10. Awon da aka yi a Agusta ruɗi ne. A sa na'urar kare tsawa a ɓangaren farantai da kuma ɓangaren da wuta ke fita.

Masu noman rani a Kadawa, Kura, Bunkure ko fadamun Auyo kada su jira a ja musu layi daga tashar gari. Famfon sola mai zaman kansa a bakin rijiya, ba batir, ya fi sauƙi: rana ta fito ya zuba ruwa, ta faɗi ya tsaya.

Wa zai mallaka, wa zai gyara

Tashar da aka ba gari kyauta aka tafi takan mutu ranar da batirinta ya mutu, saboda ba wanda ya tara kuɗin sabo. Wadda kamfani ke gudanarwa da mita mai kati tana da mai jin zafin tsayawarta. Yunit ɗinta ya fi na layi tsada, wannan gaskiya ne, amma ba da layin da babu za a gwada ta ba. Yunit ɗaya yana cajin waya 40 zuwa 50. Wanda ke biyan naira 100 a shagon caji yana sayen yunit a kan naira 4,000 ko fiye. Ƙaramin janareta mai fetur da ƙyar yake ba da yunit ɗaya da rabi a lita, kuma tun cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ya san abin da lita take ci. Hukumar REA mai kula da wutar karkara tana tallafa wa irin waɗannan kamfanoni, a da ta shirin NEP, yanzu ta shirin DARES da Bankin Duniya ya amince wa dala miliyan 750 a Disambar 2023, kuma tallafin yana bin yawan gidajen da aka haɗa.

A ƙa'idar NERC ta 2016 da aka sabunta a 2023, tashar da ba ta wuce kilowat 100 ba tana iya tsayawa ga rajista, wadda ta haura zuwa megawat ɗaya sai da cikakken izini. Ya fi kyau gari ya nace a kan cikakken izini ko da tashar ƙarama ce, domin mai cikakken izini ne doka ta ba zaɓin karɓar diyya ko haɗewa da layi ranar da KEDCO ta iso. Garin da yake da falwaya da taransifoma amma wutar awa huɗu ce yana da tasa mafitar: yarjejeniya tsakanin jama'a da kamfanin sola da KEDCO, a yi amfani da wayoyin da ke akwai, a sayi wutar layi idan ta zo, sola da batir su cike sauran.

Kafin dagaci da kwamiti su sa hannu, a ga waɗannan a rubuce: awa nawa za a ba da wuta a rana da abin da zai biyo baya in an gaza, yadda ake sauya farashi da wanda zai amince, girman batir a yunit, ba a yawan akwati ba, da shekarun garantinsa, kwana nawa gyara zai ɗauka, takardar binciken hukumar NEMSA mai duba ingancin aikin lantarki kafin a kunna, da takardar filin, aro ne ko haya, na shekara nawa. A nemi a horar da matasa biyu na garin a kan wanki, duba mita da sauya fis, a kuma bar fili da gurbin ƙarin farantai da batir. Gidan da ya fara da ƙwai uku yakan sayi fanka da firij bayan kakar farko, ƙidayar da aka yi a farko kuma sai an sake ta.